Lafiyar Jariri Tun Daga Ciki Take Farawa: Mu Raba Mai Juna Biyu Da Guba



Kwanakin baya, cikin shirin kiwon lafiya da nake gabatarwa a rediyo, inda muke buɗe wa masu saurare layi, wata baiwar Allah ta kira mu daga wani ƙauye na wajen Tasawa. Ta ce: "Malam, ɗana shekararsa biyu, babu allurar rigakafin da ban kai shi ba, katinsa cike yake. Amma yau tari, gobe kunne na ruwa, jibi ƙuraje. Mene ne ban yi ba?" Likitan da muka gayyato ya tambaye ta abin da yaron ke ci, da ruwan da suke sha, da ko yana kwana cikin gidan sauro, sannan ya ce lalle ta kai shi asibiti a duba shi. Kafin ta ajiye salula sai ya ƙara mata tambaya guda: lokacin da take da cikin yaron, wa ke zuba wa wake magani a gidansu, kuma ina ake ajiye buhunan? Ta ce: "Ni ce, likita. Kuma a ɗakina suke, bayan gado, saboda ɓarayi."

Likitan bai ce mata wannan ne dalilin ciwon ɗanta ba, domin babu likitan kirki da zai ɗora ciwon yaro guda kan magani guda ta wayar salula. Amma ni jikina ya yi sanyi, saboda na tuna kaina. Lokacin da maiɗakina ke da cikin ɗanmu na fari, kowace damina nakan sayo ƴar kwalbar piya-piya a bakin kasuwa, in yayyafa a kusurwoyin ɗaki bayan magariba, in rufe ƙofa da taga, bayan isha'i mu shiga mu kwanta cikin warin. A zatona kula nake da ita, ina kare ta daga sauro. Wata rana a wurin awon ciki ungozoma ta ji warin a zanenta, ta aika aka kira ni, ta ce: "Malam, kai da kake wa mutane bayani a rediyo, wannan kake shaƙa wa matarka da abin da ke cikinta?" Ban sami abin cewa ba.

Daga ranar na fara bin diddigin maganar, kuma ga abin da na tsaya a kai. Garkuwar jikin yaro, wato abin da zai yi ta faɗa da cututtuka da shi tsawon ransa, ana ɗora tubalinta ne tun yana cikin uwarsa. Mu kuwa a gidajenmu, kusan duk aikin da ke da guba mai ciki muka bar wa: ita ke ƙona shara, ita ke hura gawayi da leda, ita ke zuba wa hatsi magani, ita ke wanke kayan da aka yi feshi da su. Wannan laifinmu ne mu magidanta, da kuma na mahukunta, kuma gyaransa bai kai tsadar da muke zato ba.

Bari in fara da bayanin yadda abin yake. A cikin jikin ɗan Adam akwai wasu sinadarai da jikin ke haɗawa da kansa, waɗanda likitoci ke kira ormon. Aikinsu aikin ɗan aike ne. Wata gaɓa ce ke sakin su cikin jini, su je su gaya wa wata gaɓa ta yi kaza ko ta bar kaza. Su ke sa yaro ya girma, su ke kawo balaga, su ke riƙe ciki har ya kai wata tara, su ke saukar da nono. Wanda ya taɓa ganin mai maƙoƙo ya ga abin da ke faruwa idan gaɓar da ke haɗa ɗaya daga cikinsu ta samu tangarɗa. Abin mamaki shi ne ƙanƙantarsu: abin da bai kai ƙwayar gishiri cikin rijiya ba ya isa ya isar da saƙo. To, masana sun gano cewa daga cikin sinadaran da masana'antu ke zubawa a roba, da maganin ƙwari, da man shafawa, da turare, akwai waɗanda suke kama da waɗannan ƴan aike. In sun shiga jini sai jiki ya ɗauke su a matsayin nasa, su kai saƙon ƙarya, ko kuma su tare hanyar na gaskiya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar tare a farkon 2013 ya ce kusan sinadarai 800 ne aka sani ko ake zargi da irin wannan aiki.

Babban mutum, jikinsa ya riga ya ginu, in saƙon ƙarya ya zo yakan iya jurewa. Ɗan tayi kuwa gini ake cikin yi. Ƙwayoyin jinin da za su zama sojojinsa suna fara samuwa ne a hantarsa, daga baya su koma ɓargo. Akwai kuma wata ƴar gaɓa a ƙirjinsa, bayan ƙashin gaba, wadda take kamar barikin horo: a can ake koya wa waɗannan sojoji su bambanta abin da yake na jiki da abin da yake baƙo. A watanni ukun ƙarshe kuma uwa kan tura masa nata makaman ta hanyar mabiyiya, waɗanda za su tsare shi a watannin farko bayan haihuwa. Duk wannan aiki bisa umurnin waɗancan ƴan aike yake tafiya, kowane a lokacinsa. Mabiyiya tana tace abubuwa da dama, amma da yawa daga waɗannan sinadarai suna ratsa ta, an kuma same su cikin jinin cibiyar jarirai a ƙasashe daban-daban. Hantar ɗan tayi ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da su ba. In horon ya gurɓace, abu biyu kan iya biyo baya: ko sojojin su fito da rauni, yaro ya riƙa kamuwa da ciwo a kai a kai, rigakafi ma bai kama shi sosai ba, ko su fito da zafin kai, su riƙa faɗa da ƙura da abinci, shi ne ake ganin fuka da ƙaiƙayin fata.

Wani zai ce wannan hasashen masu bincike ne. To, ga abin da ya faru da mutane. A 1979, a ƙasar Taiwan, wani sinadari da ake kira PCB, wanda ake amfani da shi cikin injuna da na'urorin wutar lantarki, ya zuba cikin man girki a wata masana'anta. Mutane kusan 2,000 suka ci man. Matan da suka haihu a lokacin da kuma shekarun da suka biyo baya sun haifi jarirai ƙanana masu duhun fata, kuma da likitoci suka ci gaba da bin yaran, sai suka ga sun fi tsaransu yawan ciwon ƙirji da ciwon kunne. Yaran nan ba su ci man ba, wasunsu ma ba a ɗauki cikinsu ba sai bayan an daina sayar da shi. Daga jikin uwayensu suka gada.

Misali na biyu ya fi taɓa ni. A tsibiran Faro, can arewacin Turai ƙarƙashin ƙasar Danmak, wani likita mai suna Philippe Grandjean da abokan aikinsa sun auna jinin mata masu ciki, suka kuma bi ɗiyansu su 587 har suka kai shekara bakwai. Abin da suke nema wasu sinadarai ne da ake kira PFAS, waɗanda ake sakawa a kaskon da abinci ba ya kamawa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa duk inda ɗaya daga cikin sinadaran ya ninka sau biyu a jinin uwa, makaman da jikin ɗanta ke da su na yaƙi da mashaƙo, bayan an yi masa rigakafi, sun ragu da kashi 39 cikin 100 a shekara biyar. Mashaƙo ba baƙo ba ne gare mu, domin a 2023 ya ɓulla a jahar Damagaram, musamman wajen Matamaye, ya kuma yi ɓarna a Kano. Dalilin wannan annoba rashin rigakafi ne, kada wani ya juya maganata. Abin da nake cewa shi ne: uwa ta taka ƙasa ta kai ɗanta, gwamnati ta kashe kuɗi ta sayo allura, to bai kamata mu bar wani abu a gida yana rage wa allurar ƙarfi ba. A 2020 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta tsayar da iyakar PFAS da mutum zai iya ci, kuma hujjar da ta dogara a kai ita ce wannan raunin rigakafi ga yara.

Haka labarin bisfenol A yake, wanda ake taƙaitawa BPA. Ana samunsa cikin roba mai tauri mai haske irin ta tsofaffin kwalaben shayar da jarirai, da shafen da ke cikin gwangwanin tumatir da na kifi, da ƴar takardar rasit da inji ke fitarwa. Tarayyar Turai ta hana shi a kwalaben jarirai a 2011. Faransa ta hana shi a duk mazubin abinci daga farkon 2015. A watan Afrilu na 2023 waccan hukuma ta Turai ta sake nazari, ta rage adadin da take ganin ba ya cutarwa har sau 20,000, kuma abin da ya sa ta yi haka shi ne yadda aka ga yana sauya ƙwayoyin garkuwar jiki a gwajin dabbobi. A watan Disamba na 2024 Tarayyar ta amince da dokar hana shi a duk abin da ke taɓa abinci. Akwai kuma dangin sinadaran da ake kira fitalat, masu sa roba ta yi laushi da sa ƙamshin turare ya daɗe. Wani bincike da aka yi kan mata 300 a birnin New York, aka fitar a 2014, ya samu cewa ɗiyan waɗanda suka fi yawan wasu nau'o'insa a jiki lokacin ciki sun fi kamuwa da fuka. Tambayar da nake wa kaina ita ce: kayan da Turai ta kora daga kasuwarta, wace kasuwa suke nufa? Wa ke duba kwalbar jaririn da ake sayarwa jika guda a teburin bakin hanya?

Yanzu mu dawo cikin gida. Babu garin da za ka shiga, daga Maradi zuwa Tawa, daga Damagaram zuwa Yamai, ba ka ga leda ta yi wa itatuwa ado ba. Koko mai zafi a leda, tuwo a leda, awara daga cikin mai sai cikin leda, alala ma cikin leda ake dafa ta. Baƙar ledar nan da yawa daga tsofaffin robobi ake narkar da ita, ba wanda zai iya gaya maka abin da suka taɓa ɗauka, kuma sananne ne cewa zafi da maiƙo su ke fi jawo abin da ke cikin roba ya shiga abinci. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙonawa. Idan aka ƙona shara mai haɗe da robobi, da tsofaffin takalma, da wayoyin lantarki, a wuta mai hayaƙi irin ta bola, ana samun gubar da ake kira diyoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana lahanta garkuwar jiki, ɗan tayi ne ya fi kowa rauni a gabanta, kuma in ta shiga jiki tana maƙalewa a kitse, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya fita. Kenan yarinyar da ke hura wuta da leda tana ƴar shekara goma sha biyu, tana iya kai wani abu daga ciki har ɗakin mijinta, har cikinta na fari.

Hayaƙin ba a huhu kawai yake tsayawa ba. Tokar na sauka ƙasa, kaji da awaki su yi kiwo a wurin, gubar ta taru a ƙwai da nono da kitse. Hukumar ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na diyoksin da ke shiga jikin mutane ta abinci yake bi. A 2019 wasu ƙungiyoyin kare muhalli sun auna ƙwan kajin da ke yawo a Agbogbloshie, wata unguwa ta birnin Ankara a Gana inda ake ƙona tsofaffin kayan lantarki don ciro tagulla, suka samu cewa ƙwai guda ya zarce iyakar da Turai ta tsayar wa babban mutum a yini sau 220. Hukumomin Gana sun rushe wurin a 2021. Bolar bayan gidanmu ba ta kai wannan ba, amma hanyar guda ce: wuta, toka, kaza, tukunya.

Sai maganin ƙwari. Jahohin Maradi da Damagaram gidan wake ne, kuma kowa ya san yadda ƙwaro ke cinye shi in ba a yi dabara ba. Akwai kwamitin ƙasashen Sahel, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, wanda aikinsa shi ne tantance magungunan da aka yarda a yi amfani da su. Amma ka zaga kasuwar kowane ƙauye ranar ci, ka ɗauki kwalaben da ke shimfiɗe a rana, ka nemi lambar amincewar kwamitin. Da yawa babu, wasu ma an ɗura su ne cikin kwalbar lemo, ba suna ba bayani. Piya-piya da na yi ta yayyafawa a ɗakina guba ce mai taɓa jijiyoyi, kuma irin sinadarin da ake haɗa ta da shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Wasu daga cikin magungunan gona kuma an tabbatar suna cikin masu kai saƙon ƙarya, kamar DDT da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita, da endosulfan da aka ƙara cikin jerin a 2011. Idan maigida ya dawo daga feshi, wa ke wanke rigarsa da hannu? Idan bidon magani ya ƙare, nawa ne ake ɗaurayewa a mayar da su na ruwan sha ko na man gyaɗa?

Ba zan tsallake maganar man bilicin ba, ko da za a ji haushina. Da yawa daga waɗannan mayuka suna ɗauke da maganin da shi kansa ormon ne mai ƙarfi, wanda likitoci ke ba mai ciwon fata na ƴan kwanaki, wasu kuma suna da sinadarin makuri mai ratsa mabiyiya. A birnin Dakar likitoci sun binciki mata 99 masu ciki, suka fitar da sakamako a 2007: kusan biyu cikin uku suna shafa man a lokacin cikin, kuma masu shafa mai ƙarfin sun haifi jarirai marasa nauyi, da ƙaramar mabiyiya. Jaririn da aka haifa ba nauyi kuwa kowace ungozoma ta san shi ciwo ya fi saurin kayarwa. A nan ma kada mu tsaya zagin mata. Wa ke yaba fara a gaban baƙa? Wa ke ba da kuɗin man?

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fada. Wani abokina ya ce: "Kai dai ka cika son maganar Turawa. Mu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa ke kashe wa yara, ina mu ina ciwon masu ƙoshi?" Maganarsa da gaskiya a ciki. Waɗannan ukun su ne manyan masu kisa, kuma duk wanda ya ce a bar su a koma kan leda bai san ƙasar nan ba. Sai dai dukkansu ukun da garkuwar jiki yaro ke yaƙarsu. Kuma akwai binciken da aka yi a nan Afirka, a yankin Limpopo na Afirka ta Kudu, inda ake feshin DDT a ɗakuna don sauro. An bi mata sama da 700 da ɗiyansu, sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna alamar cewa ɗiyan matan da suka fi yawan gubar a jini sun fi yin zazzaɓi mai daɗewa, kuma alamar ta fi fitowa a gidajen da abinci bai wadata ba. Ashe talaka ne ya fi shan wahalar abin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon ɗan talaka kuwa tamowa ta riga ta tsaga shi.

A nan dole in ja kunne, domin na san yadda magana ke sauya kama in ta bar bakin mai ita. Kada wata ta ji wannan ta hana ɗanta nono. Gaskiya ne wani abu daga cikin gubar na bi ta nono, amma masana lafiya sun auna sun ga amfanin nonon uwa ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba, kuma dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafin farko na jariri. Nono zalla har wata shida, kamar yadda ake faɗa a asibiti. Kada wata ta ce gidan sauro na da magani ta daina shiga, domin shi an auna shi an amince da shi, zazzaɓi kuwa yana zubar da ciki yana kashe mai ciki. Gidan sauron ne ma zai raba mu da piya-piya da hayaƙin igiyar sauro a rufaffen ɗaki. Kada kuma wani ya ce tunda rigakafi na iya rauni ba amfanin yinsa. Abin da ya kamata shi ne a cika shi har ƙarshe, kowace allura a lokacinta.

To me za a yi? Ya ku magidanta, ku nake fara kira, domin yawancin abin a hannunmu yake. Daga ranar da aka ce matarka na da ciki har ta yaye, ka ɗauke mata duk aikin da ya shafi magani. Buhun da aka zuba wa magani ya bar ɗakin kwana. In wake za ka ajiye, akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken cibiyar INRAN ta nan Maradi: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowane da kyau, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Tano ko bido mai tsabta da aka cika aka toshe shi ma yana wannan aiki. In ka yi feshi a gona, ka wanke kayanka da kanka a can, bidon maganin kuma ka huda shi don kada wani ya sha ruwa a ciki. Ka sayo ashana da ƴan ƙirare a daina hura wuta da leda. In za a aiki yaro sayen koko ko waina, a ba shi kwanon sha ko langa, kamar yadda uwayenmu ke yi kafin leda ta zo. Abinci mai zafi a kwanon ƙarfe ko akushi ko ƙwarya, ruwa a randa. Kajin gida a hana su bola. Ganye da tumatir na lambu a wanke su sosai. Cikin duk abin da na lissafa, in ka cire buhun, babu wanda ya kai kuɗin shayin da muke sha a fada cikin mako.

Mahukunta kuma nasu ya fi nauyi. Tun watan Nuwamba na 2014 ƙasar nan ke da dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri. Duk mai ido ya ga inda dokar ta tsaya. Ba ina cewa a bi mai ƙosai da tara ba, ita ba ta da abin da za ta zuba wa mai saye in ba a samar mata madadi ba. A fara daga manyan masu shigowa da kaya, a bakin iyaka, inda ƴan duwan suke. Haka maganin ƙwari: ma'aikatan kare tsirrai su riƙa zagaya kasuwanni, a kwashe wanda ba shi da izini, a kuma tabbatar mai izinin na samuwa a farashin da manomi zai iya. Magadan gari su samar da wurin zubar da shara nesa da gidaje, domin matar da ke ƙona shara a ƙofar gida ba don sha'awa take yi ba, ba ta da inda za ta kai. Ofishin ministan kiwon lafiya kuma ya ƙara tambayoyi uku cikin awon ciki: me kike shafawa, me ake fesawa a ɗakinki, da me kike hura wuta. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko inji, minti biyu ne na ungozoma. Jami'o'inmu na Yamai da Maradi da Damagaram su samu tallafin auna ƙwai da nono da waken kasuwanninmu, mu san inda muka kwana da alƙalummanmu na kanmu. Mu ma ƴan rediyo da laifinmu, domin sau nawa muka karɓi kuɗin tallar mai ko magani ba mu tambayi abin da ke ciki ba?

Ɗana na fari yanzu yana lakwal, kuma duk lokacin hunturu in ya fara tari cikin dare nakan tuna ƴar kwalbar nan, ko da kuwa ƙurar buji ce kawai. Da aka samu cikin ƙanwarsa, gidan sauro na sayo, shara kuma ni ke fita da ita. Matar da ta kira mu daga wajen Tasawa, in wani ya karanta mata wannan, ina roƙon a karanta wa maigidanta shi ma, kafin kakar wake ta bana ta shigo ɗaki. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da suka haifa.